Katakon dusa: a ƙirga icce kafin a yi mafarkin izin

Kasuwar da ta fi kowace suna wajen kayan gini a birnin Yamai sunanta Katako, amma in aka ɗebe azarar giginya da ke zuwa daga yankin Gaya, kusan duk allon da ake sayarwa a cikinta ba a dajin Nijar aka yanke shi ba. Daga Nijeriya, Gana, Kodebuwa da Benin yake shigowa, kuma tun ranar da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 kafintocin ƙasar nan suka san cewa farashin aikinsu ba a hannunsu yake ba. Shi ya sa a hankali wani irin allo mai rahusa ya mamaye kantuna da birori: wanda Faransawa ke kira aggloméré, wato katakon da aka yi da sassaƙe da dusar icce, aka gauraya da gam, aka matse. Teburin sakatare, kabad ɗin amarya, kantar mai sayar da magani, da yawansu in aka ɓanɓare farar fatar da aka manna musu, dusa ce a ciki.

Duk wanda ya ga haka, ya kuma ga tulin dusar da ke taruwa a ƙofar kowane shagon kafinta daga Maraɗi zuwa Damagaram, tambaya ɗaya ce za ta zo masa: me zai hana a yi wannan abu a gida? Tambayar tana da daɗin ji, tana kuma da irin ƙamshin da ƴan siyasa ke so, domin ta haɗa aikin yi ga matasa, da kare daji, da rage sayen kayan waje, duk a baki ɗaya. To amma ra'ayin wannan shafi shi ne, babban izin na katakon dusa ba abin da Nijar ke bukata ba ne, kuma in aka kafa shi ba tare da lissafi ba, itatuwan talakawa zai ci. Akwai abin da ya fi shi gaggawa, akwai kuma abin da ya fi shi dacewa da ƙarfin ƙasar.

Ya kamata a fara sanin yadda ake yin abin. Rashi ne ya haife shi. Wani Bajamushe mai suna Max Himmelheber ya yi rajistar dabarar tun 1932, aka buɗe izin na farko a garin Bremen a 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, lokacin da katako ya yi wa Jamus wuya. Bayan yaƙin, wani injiniyan Suwis, Fred Fahrni, ya kawo gyaran da ake bi har yau: allo mai hawa uku, manyan sassaƙe a tsakiya domin ƙarfi, lallausar dusa sama da ƙasa domin santsi. A yanzu duniya na yin kimanin mita kubik miliyan 100 na wannan katako a shekara, kuma da shi ne kamfani irin IKEA na ƙasar Suwidin ya cika gidajen Turawa da kaya masu sauƙin kuɗi.

Aikin ba na gatari da zarto ba ne. Ana niƙa guntayen icce su zama sassaƙe, a tankaɗe a raba manya da ƙanana, sannan a busar da su a cikin wata ƙatuwar ganga mai juyawa har sai laimar da ta rage a jikinsu ba ta wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba, domin in da sauran ruwa, tururi zai fasa allon a lokacin matsa. Daga nan a fesa musu gam, kimanin kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin iccen, da ɗan kakin da ke rage shan ruwa. Gam ɗin da aka fi amfani da shi haɗin uriya ne, wannan da manoma suka sani a matsayin taki, da wani sinadari mai suna formaldehid. Sai a shimfiɗa gaurayen kamar tabarma mai kauri, a tura shi cikin injin matsa mai zafin digiri 160 zuwa sama da 200, inda cikin mintuna ƙalilan gam ɗin zai dafu ya ƙame. A fitar, a bar shi ya huce, a goge, a yanka, a manna masa takarda mai sheƙi ko siririn katako na gaske. Mita kubik guda na allon yana da nauyin kilo 600 zuwa 700.

Daga wannan nauyi mai karatu zai iya yin lissafin da kansa, ba sai an kira masana daga waje ba. A ɗauki izin matsakaici, mai yin mita kubik 100,000 a shekara, wanda a Turai ƙarami ne ƙwarai. Allon da zai fitar zai kai tan 65,000. In aka cire gam da laima, sai an zuba masa fiye da tan 50,000 na busasshen icce kowace shekara. Ko da an ce kowace babbar mota tana ɗaukar tan 30, mota biyar ke nan kowace safiya, ran Juma'a da ran salla duk a ciki, alhali kuwa dusa kaya ce mai cika wuri ba nauyi, motar za ta cika tun ba ta kai rabin wannan awon ba. A wace unguwa ta Yamai ko ta Tawa ake share dusa mai yawan haka? Kafintan Nijar ba ya tsaga gungume, allon da aka riga aka tsaga a wata ƙasa yake saye, ya goge, ya yanka. Babbar dusar tana can inda aka tsaga gungumen: a Kumasi, a Sapele, a Legas inda shekara da shekaru aka yi ta banka wa tsaunukan dusa wuta a bakin ruwa a unguwar Okobaba don an rasa yadda za a yi da su. Can ne izin irin wannan ke da ma'ana, domin abincinsa yana bakin ƙofarsa.

Ɗan abin da ke taruwa a nan ma yana da masu shi. Masu kiwon kaji na shimfiɗa shi a akurki, mata masu tuya na danƙara shi a murhu, wasu na rufe ƙanƙara da shi don kar ta narke. Abin da ake kira shara a takardar ofis, a kasuwa yana da farashi.

To, injin da aka kashe biliyoyin sefa aka kafa ba ya zama da yunwa. In dusa ta ƙare, mai shi zai aika a nemo icce, kuma a ƙasar da mafi yawan gidaje, birni da ƙauye, da icce suke dafa abinci, za a wayi gari izin yana takara da tukunyar tuwo. An sha wahala kafin a kai inda ake. Dokar watan Agusta na 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara domin mutanen ƙauye su riƙa cin amfanin dajinsu, su kuma tsare shi, maimakon ƴan mota su zo daga birni su kwashe. Tun shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon gawo, da kalgo, da sabara su girma a gonakinsu, har aka ƙiyasta cewa sun farfaɗo da fili mai faɗin hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, aikin da ba wata gwamnati ko wani shiri da ya taɓa yin kamarsa a Sahel. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 suna nan suna tare iska. Waɗannan itatuwa suna tsaye ne domin manomi ya ga sun fi masa amfani a tsaye. Ranar da wani mai saye ya zo da kuɗi a hannu cikin watan bazara, rumbu ya yi ƙasa, yana sayen kowane irin icce da awon kilo ba tare da ya damu da kauri ko miƙewa ba, lissafin manomin zai sake. Wannan shi ne haɗarin katakon dusa: injinsa ba ya zaɓe, ƙaramin reshe ma abinci ne.

Masu goyon bayan izin za su ce ai ba dole sai icce ba, ga karan hatsi da na dawa birjik bayan girbi. Gaskiya ne ana yin allo da abin da ba icce ba. A Masar, Kuba da Pakistan an daɗe ana yin sa da tuƙar rake, saboda izin ɗin sukari yana tara ta wuri guda. Sai dai kara ba haka yake ba. A warwatse yake cikin dubban gonaki, sau ɗaya ake samun sa a shekara, sai an tara an ajiye na wata goma sha biyu, an tsare shi daga gara da gobara. Fatarsa kuma tana da santsi da wani irin yashi a jiki, gam ɗin uriya ba ya kama ta da kyau, sai an koma ga wani gam da ake kira MDI, mai tsada. Ƙasar Kanada, wadda ke da bambaron alkama fiye da yadda za ta iya ƙonewa, ta gwada: an buɗe katafaren izin na Isobord a garin Elie na lardin Manitoba a 1998, ya karye a 2001, kamfanin Dow ya saye shi, aka rufe a 2005. Wannan a ƙasar da ke da titi, da jirgin ƙasa, da wutar da ba ta yankewa.

Ban da haka, wanda ya kira karan hatsi shara bai yi rani a ƙauye ba. Shi ne abincin dabbobi daga watan Maris har faɗuwar ruwa, shi ne darni, shi ne jinka, shi ne makamashi in icce ya yi nisa. Binciken da aka yi a cibiyar ICRISAT ta Sadore ya nuna cewa karan da aka bari kwance a gona yana hana iska kwashe ƙasa, yana kuma ƙara yabanya a damina mai zuwa. Dama can makiyayi da manomi suna kai ruwa rana a kansa. Shigo da na uku mai jakar kuɗi cikin wannan rabo ba zai kawo zaman lafiya ba.

Abu biyu ne kawai za a iya dubawa da idon basira. Na farko ƙaiƙayin shinkafa da ke taruwa a masussukan RINI na Tilaberi, Kirkisoy da Kollo, wanda aƙalla a wuri guda yake, kuma a Indiya an yi allo da irinsa. Na biyu dajin prosopis da ya mamaye tsohon gadon tafkin Cadi a wajen Ngigimi, wanda mazauna wurin kansu ke kuka da ƙayarsa. Amma yankin yana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, kuma tun 2015 matsalar tsaro ta hana shi sakat.

Saura gam da wuta. Izin ɗin da aka yi misali da shi zai sha kusan tan 5,000 na gam a shekara, ba kuma a yin ko cokali guda a ƙasar nan. Gam ɗin uriya na ruwa makonni kaɗan yake yi kafin ya daskare, zafi kuma yana gaggauta lalacewarsa, ga tashar jirgin ruwa mafi kusa tana da nisan kilomita 1,000. Abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya isa darasi: an rufe iyakoki, motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, Nijeriya da a lokacin take ba da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar ta yanke layi daga watan Agusta har zuwa farkon 2024. Injin matsa mai zafin digiri 200 in wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, abin da ke cikinsa ya zama asara. Mutanen Maraɗi ba su manta da majemar SONITAN ba, na Damagaram ba su manta da SOTRAMIL ba. An yanke musu ƙyalle da kiɗa da tafi, daga baya aka bar gine-ginen ga jemagu.

(Akwai wani ɗan zance a gefe da ya cancanci kulawar jami'a. A Afirka ta Kudu, tun shekarun 1970 ake yin gam ɗin allo da sinadarin jima da ake tatsowa daga ɓawon wata bishiya dangin bagaruwa. Ƴaƴan bagaruwar da majema ke dakawa a nan cike suke da irin wannan sinadari. Aikin ɗalibi ɗaya ko biyu ne a Jami'ar Abdu Mumuni, ba ya bukatar rancen Bankin Duniya.)

Abin da ya fi gaggawa shi ne allon da ke shigowa yanzu, wanda ba wanda ke tambayar asalinsa. Gam ɗin uriya yana ci gaba da fitar da iskar formaldehid watanni da shekaru bayan an yi allon, kuma zafi da laima suna ƙara yawanta. Wannan warin da ke sa ido ruwa in an buɗe sabon kabad, shi ne. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon ta sa formaldehid cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Jamus ta kafa iyakar da ake kira E1 tun 1980, jihar Kaliforniya ta Amurka ta yi tata dokar a 2007, Tarayyar Turai kuma a 2023 ta zartas da rage iyakar da rabi daga watan Agusta na 2026. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a gane inda allon da ya kasa cika waɗannan sharuɗɗa yake nufa: kasuwar da ba ta tambaya. Ɗakin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, tagogi a rufe saboda ƙura, amarya da jaririnta suna kwana kusa da kabad mai ƙofa shida. Ma'aikacin duwan yana auna nauyi, yana karɓar haraji, amma ba wanda ya umurce shi da ya nemi takardar shaidar E1. Hukumar ANMC mai kula da ƙa'idar kaya da awo ba ta bukatar ƙirƙiro komai, ƙa'idar tana nan a rubuce, ɗauka kawai za a yi a ce duk allon da ba shi da hatimi ba ya shiga. Ƴan kasuwa za su yi ƙorafi cewa farashi zai hau, kuma zai ɗan hau. Wannan ƙarin ya fi kuɗin asibiti sauƙi.

Haka zancen ruwa. Katakon dusa na yau da kullum in ya jiƙe kumbura yake kamar burodi, ba ya kuma komawa yadda yake; ƙusa ba ta kama gefensa da kyau, in aka cire noti aka mayar sau biyu ramin ya zama fanko. Masu yin sa ba su ɓoye wannan ba. A ƙa'idar Turai an raba shi aji-aji: P2 na kayan ɗaki ne a busasshen wuri, P3 da P5 su ne masu jure laima, galibi ana rina cikinsu da kore don a gane su. Matsalar tana tasowa ne in ɗan kwangila ya karɓi kuɗin teburan makaranta na katako, ya kawo na dusa mafi araha, ya shafe da fenti, wanda ya kamata ya duba kuma ya sa hannu bai ko ɗaga teburin ya ga ƙasansa ba. Teburin da yara uku ko huɗu za su zauna a kai, a ajin da rufinsa ke yoyo, damina ɗaya ta ishe shi. Kafintan da ya ce zai yi da allon gaske sai ya rasa kwangilar saboda nasa ya fi tsada, ƙasa kuma ta sake saye bayan shekara biyu. Laifin ba na allon ba ne, an kai shi inda ba wurinsa ba.

In har ana son a yi wani abu da dusar gida da ƙaiƙayin shinkafa, akwai hanyar da ta fi kusa da hannu. A ƙasar Suwis, a shekarun 1970, an fara yin allon da siminti ne ke riƙe sassaƙen a madadin gam: wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa siminti, sauran icce da ruwa. Ba ya bukatar injin zafi, a sanyi ake matse shi a bar shi ya ƙame. Yana da nauyi, kusan ninki biyu na katakon dusa, don haka ba na kabad ba ne, amma gara ba ta cin sa, ruwa ba ya kumbura shi, ba ya fitar da wari, wuta kuma ba ta kama shi da sauƙi. Wahalarsa guda: wasu itatuwa suna da zaƙi ko ɗacin da ke hana siminti kamawa, sai an jiƙa sassaƙen an tsiyaye ko an ƙara gishirin kalsiyom, ke nan sai an gwada kowane irin icce dabam. Siminti dai ana yin sa a Malbaza tun shekarun 1960. Irin wannan allo ana iya yin sa a ƙaramin wurin aiki mai mutum goma, daidai da yawan dusar da gari guda ke tarawa, ba tare da an taɓa bishiya ko ɗaya ba.

Bukatarsa kuwa ba a ɓoye take ba. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara aka sake yin irinta a Maraɗi, ta ɗauki fiye da haka. Ƙasar da ke da dubban azuzuwan kara tana da dalilin neman duk wani allon bango ko na rufi mai rahusa wanda wuta ba ta lashewa cikin minti biyar. Makarantar EMIG ta Yamai da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi suna da malamai da ɗaliban da za su iya yin gwajin: a yi allo ɗari, a gina aji biyu, ɗaya a Maraɗi ɗaya a Tilaberi, a bar su su ci damina biyu da rani biyu, sannan a buga sakamakon da farashin kowace mita a fili, kowa ya gani, kafin wani minista ya yi maganar aza harsashi.